Dogon direba a gajeriyar mota: darasi kan gyaran kujera

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan sashen injiniyancin kanikanci, mun saba idan ana zancen mota hankalinmu ya tafi kan inji da giya da birki. Kujerar direba kuwa ba ma ko kallonta, muna ɗaukarta kamar bencin mai shayi. Alhali duk abin da injiniya ya ƙera domin ceton ran direba, bel ne, jakar iska ce, matashin kai ne, an auna shi ne bisa zaton mutum yana zaune yadda ya kamata. Zama ya karkace, lissafin duka ya rushe. Wanda abin ya fi cuta shi ne dogo. Ni ɗan Kimba ne, tsawona ya kai mita 1.88, don haka wannan darasi da gwiwoyina na fara karanta shi kafin na gan shi a littafi.

Masu zana mota ba sa auna kowa da kowa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ɗauki gajeriyar mace wadda kashi 5 cikin 100 na mata ne kawai suka fi ta gajarta, da dogon namiji wanda kashi 5 cikin 100 ne kawai suka fi shi tsawo, a ce motar ta dace da duk wanda ke tsakaninsu. A ma'aunin Amurka wannan dogon yana wajajen santimita 187. Ka wuce nan, to ka fita daga lissafi, sai dai ka yi dabara. A motar tsere abin ya fi muni, domin da gangan ake danne rufinta don iska ta wuce ba tare da ta riƙe ta ba. Akwai wata motar Ford mai suna GT40, lambar 40 ɗin ma daga tsawonta ta samo asali, wato inci 40 daga ƙasa zuwa rufi, kamar santimita 102. Dan Gurney, direban Amurka mai tsawon mita 1.93, bai shiga cikinta da hular kwano ba sai da aka yi wa rufin ɗan ƙullutu daidai saitin kansa. Da irin wannan mota shi da A. J. Foyt suka lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1967. Abin lura a nan, injiniyoyin ba su ce masa ya lanƙwashe wuya ya yi haƙuri ba. Motar suka gyara.

Mu a nan ba mu da GT40, amma muna da matsalar. Ka tsaya a mararrabar Jega, inda hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da wadda ke bi ta Maiyama zuwa Yauri suka haɗu, ka kalli Golf da Sharon da ke lodi. Za ka ga dogon direba ya naɗe kamar tabarma, gwiwa na gogar sitiyari, hula na shafar rufi. Wani ya turo kujerarsa gaba don mutum huɗu su samu wurin ƙafa a baya. Wani kuma ya kwantar da ita kamar gado don kansa ya samu sarari. Duka biyun haɗari ne, kowanne da irin nasa.

Bari mu yi ɗan lissafi, tunda shi muka zo koyo. Mota na gudun kilomita 50 a awa, wato kusan mita 14 a daƙiƙa. Ta daki abu ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Mutum mai kilo 80 zai buƙaci ƙarfin da ya kai niyuton 11,000 kafin a tsayar da shi, kwatankwacin nauyin buhun masara goma sha ɗaya mai kilo ɗari-ɗari. Daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10. Kuma gudun 50 fa nake faɗa, wanda direban hanyar Aliero zai ce maka ai bai ma fara tafiya ba. Tambayar ita ce, wannan nauyi ta wace gaɓa zai bi?

Shi ya sa gyaran kujera ke da tsari, kuma daga ƙasa ake farawa. Ka tura ƙugunka har ƙuryar kujera, kada ka bar rami a bayanka. Idan kujerar tana hawa da sauka, dogo ya sauke ta ƙasa har ya samu kamar faɗin tafin hannu tsakanin kansa da rufi. A nan zan faɗi abin da littattafan Turawa ba su sani ba: hula. Doguwar hular zanna tana ƙara wa mutum tsawo sosai, kuma na ga masu kwantar da kujera don kawai kada hula ta lotse. Ka cire ta ka ajiye, in ka isa ka mayar.

Sai nisa. Ka taka kuloci har ƙasa, in motar otomatik ce ka taka birki da ƙarfi. Ƙafarka ta kai ƙarshe amma gwiwa na da ɗan lanƙwasa, kuma ƙugunka bai ɗaga daga kujera ba. Dalilin lanƙwasar nan yana da muhimmanci. Miƙaƙƙiyar ƙafa sanda ce, duk bugun da ya shigo ta feda zai wuce kai tsaye zuwa ƙugu. Idan kuma ka matso da yawa har gwiwa na taɓa dashbod, to ita za ta fara karɓar bugun, ta tura ƙashin cinya baya, ya karye ko ya fice daga gurbinsa. Likitocin ƙashi sun san wannan rauni har suna kiransa da sunan dashbod. Aliero ta yi suna wajen ɗori kamar yadda ta yi suna wajen albasa, amma ƙugun da ya goce ba ƙaramin aiki ba ne ko a hannun gwani. Dogo ya bar ɗan fili tsakanin gwiwarsa da dashbod, in kuma gaban kujerar yana ɗagawa, ya ɗan ɗaga shi don cinya ta samu abin dogara. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a bar wurin yatsa biyu ko uku, jini ya riƙa gudana.

Majingina ita ce inda yawancinmu ke ɓata lamarin, kuma samari sun fi kowa, saboda gayu. Kujera a kwance, hannu ɗaya a saman sitiyari, kai na leƙowa ta gilashin baya. Daidai shi ne ta ɗan karkata kaɗan daga miƙe, wajajen digiri 100 zuwa 110. Gwajin mai sauƙi ne: kafaɗunka na manne da kujera, ka miƙa hannu, wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari. In sai ka ɗago kafaɗa kafin ka kai, ka yi nisa. Bel mai maƙale uku da Nils Bohlin ya ƙera wa Volvo a 1959 an yi shi ne ya riƙe ƙashi mai ƙarfi, ƙugu da ƙirji da kafaɗa. Idan kana kwance, a lokacin karo jikinka zai zame ta ƙarƙashin bel ɗin, igiyar ƙasa ta bar ƙashin ƙugu ta hau ciki, inda hanji da hanta suke. Buhunan nan goma sha ɗaya su sauka a kan tumbi. Babbar riga ma tana da nata: in ta taru a cinya, bel ya hau kanta ya yi sako-sako. A baje ta, bel ya kwanta ƙasa-ƙasa a kan ƙugu, ta sama kuma ta bi tsakiyar kafaɗa. Motoci da yawa suna da abin ɗaga bel a jikin ginshiƙin ƙofa, dogo ya kai shi sama.

Sitiyarin da ke fitowa ya koma shi ne babban abokin dogo, domin yana ba ka damar ja da kujera baya saboda ƙafa, ka jawo sitiyari saboda hannu. Sai dai a bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirji da tsakiyarsa, domin jakar iska tana fitowa da gudun da ke iya kai wa kilomita 300 a awa. Yawancin tsofaffin motocinmu ba su da wannan gata, sai a nemi tsaka-tsaki, kuma a ganina ƙafa ce ke da fifiko, tunda da ita ake tsayar da mota.

Matashin kai kuwa, wallahi abin takaici ne. A tasha za ka ga an cire shi an jefa a but, wai yana tare wa fasinja gani. Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci tun 1969 saboda raunin wuya idan an daki mota ta baya. Ga dogo, matashin da ke ƙasa ya fi zama bala'i, domin yana tsayawa a saitin wuya, kai ya lanƙwasa ta samansa kamar an karya rake a gwiwa. Samansa ya zo daidai da saman kanka, kuma ya kusanci ƙeya, kada ratar ta wuce yatsa uku zuwa huɗu.

To idan an yi duk wannan motar ba ta ɗauke ka ba fa? Nan ne ake zuwa gareji, kuma nan aikinmu yake. A Turai da Amurka, dogayen da ke son ƙaramar mota irin Mazda MX-5 sukan rage soson kujera don su sauka kaɗan, ko su sayi ƙarafan zama masu ƙasa da aka yi wa motar musamman. Rage soso kaɗan a wurin mai ɗinkin kujeru ba laifi, muddin bai taɓa tudun gaban kujerar ba, wanda ke hana mutum zamewa, kuma babu wayar jakar iska a ciki. Abin da na gani lokacin da nake koyon aiki a wani gareji shi ne ya fi tayar mini da hankali. An yanke ƙarfen da kujera ke gudu a kai, an ja shi baya, an ɗiga walda wuri biyu a jikin falankin ƙasa mai tsatsa. Wata kujerar ma katako aka sa mata a ƙarƙashi. Na ce wa maigidan, "Oga, wannan zai riƙe kuwa?" Ya girgiza kujerar da hannu ya ce, "Yaro, mi kake tsoro? Ga ta nan daram." Hannu ba ya gwada tan guda. A motoci da yawa maƙallin bel a jikin kujerar yake, ke nan in kujera ta tsinke, bel ya tafi tare da ita. Idan dole sai an matsar, a yi amfani da faranti mai kauri a ƙarƙashin falanki don raba nauyi, da kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, ba na ɗaurin ƙofar shago ba, kuma a tabbata kujerar tana kullewa a ɓangarorin biyu.

Akwai kuma abin da ba kanikanci ne zai warware shi ba, wato fasinjan da ake cusawa a kujerar direba. Na san dalilin, mai ya yi tsada, ga kuɗin tasha, ga balas na mai mota da yamma. Amma direban da ya zauna da rabin ƙugu, kafaɗa a waje, yana miƙa hannu ta kan cinyar wani don sa giya, ba shi da bel, ba shi da majingina, kuma ƙafarsa tana zuwa birki a karkace. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, da aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun farkon 2003, sai dai har yau wasu ratayawa kawai suke yi idan sun hango shinge. Mu ɗalibai mu ne fasinjojin nan duk ƙarshen zango, kuma sau da yawa mu ake cewa, "Ɗan makaranta, zo ka matsa nan gaba, ai kai siriri ne." Ni dai nakan ce zan jira ta gaba, ko da zan ƙara awa guda a tasha.

Madubai su ne na ƙarshe, domin duk motsin da ka yi wa kujera yana canza su. Ka saita su kana zaune a miƙe. Daga baya in ka ga madubin tsakiya ya daina nuna maka gilashin baya sosai, ba shi ne ya motsa ba, kai ne ka zame, sai ka gyara zama ko ka faka ka miƙe ƙafa.