Tsohon Jirgin Ƙasan Da Aka Adana A Jos

Mu a Bagudo ba mu da layin dogo. Na ƙasar Benin ma a Parakou ya tsaya, shi ya sa da yawanmu ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba. A darasin tarihi mun karanta labarin ƙaramin jirgin da ya riƙa ɗauko kuza daga Jos zuwa Zariya. An kammala layinsa a 1914, aka rufe shi a 1957. Maimakon a sayar wa 'yan gwangwan, sai aka ajiye wasu kawunan jirgin a gidan tarihi na Jos. Ruwan sama da tsatsa suna cin ƙarfe, don haka suna buƙatar fenti da rumfa. Idan suka lalace, a hoto kawai za mu gan su.