Ɗan ci-rani a babban birni: matafiyi ne ko mazauni?

Wata tambaya tana yawan zuwa mini daga samarinmu na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu suka tafi Legas neman abinci: "Malam, mu goma muke kwana ɗaki ɗaya a Agege, mu fita tun asuba, cunkoson motoci ya riƙe mu har dare. Za mu iya yin ƙasaru?"

A mazhabar Malikiyya, ƙasaru na mai tafiyar kusan kilomita 80 ne. Da zarar ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, ka zama mazauni: ka cika sallarka, Juma'a ma ta hau kanka. Kan hanyar Ƙaura zuwa Legas kam, yi ƙasaru. Wata shida a Agege kuwa, a'a.

Amsar da nake bai wa ɗalibanmu da masu jinya a Mumbai ta Indiya ke nan, inda jiragen ƙasa ke jigilar miliyoyin mutane kullum, wasu har a bakin ƙofa.

To, mene ne mafita? Ka riƙa fita da alwala. Ka san masallatan da ke kan hanyarka. Kafin ka kama aiki, ku daidaita da maigida kan lokacin Juma'a, domin bayan ka fara karɓar albashi bakinka zai yi nauyi.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, kowa ya koma gonarsa. Wallahu a'alam.