Darasi na Goma Sha Biyu: Banɗakin Filin Jirgin Sama da Yaƙi da Almubazzaranci

Ɗalibai, idan an ambaci filin jirgin sama, abin da yake fara zuwa zuciyarku shi ne jirage da matuƙa da fasinjoji. Amma akwai wani wuri da kusan kowane matafiyi yake shiga, kuma da shi mutane da yawa suke auna kirkin filin, wato banɗaki. A wannan darasi za ku ga yadda manyan filayen duniya suke kula da shi. Ku karanta a tsanake, sannan ku amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Girman matsalar

Filin jirgin sama na Atlanta, a ƙasar Amurka, ya karɓi fasinjoji fiye da miliyan 100 a shekarar 2023, wato fiye da mutum 270,000 a kowace rana. Kuma jama'ar ba a hankali suke zuwa ba. Da zarar babban jirgi ya sauka, sai mutane ɗari biyu ko ɗari uku su fito lokaci guda, da yawansu su nufi banɗaki mafi kusa. Daga nan matsaloli uku suke tasowa: cunkoso, ƙazanta da ɓarnar kaya. Wanda ya daɗe a layi yana iya rasa jirginsa. Wurin da ya ƙazantu yana yaɗa cuta. Ruwa da sabulu da takarda kuwa, duk da kuɗi ake sayensu.

Tattalin ruwa

Tsofaffin masai na zamani sukan sha ruwa lita 13 ko fiye a kowace korawa. A shekarar 1992 Amurka ta yi dokar da ta taƙaita sababbi a kan kimanin lita 6. Ku yi lissafi da kanku: a ɗauka ana kora ruwa sau 100,000 a rana a wani fili. Bambancin lita 7 a kowace korawa zai ba da lita 700,000 a rana ɗaya. Gaskiyar Hausawa da suka ce da yayyafi kogi kan cika.

Akwai kuma famfo mai na'ura, wanda ba ya zuba sai an kai hannu ƙarƙashinsa, da an janye hannu sai ya tsaya. Amfaninsa biyu ne: ba a manta shi a buɗe, kuma ba a taɓa shi da hannu mai datti. Wasu filayen ma sun ƙi kashe ruwan sha a kan masai. Filin Hong Kong yana amfani da ruwan teku wajen korawa, filin Changi na Singafo kuma yana tara ruwan sama don irin wannan aiki.

Rage cunkoso da shara

Sau da yawa mutane sukan tsaya a layi alhali akwai ɗakin da ba kowa a ciki, domin ƙofarsa a rufe take. A shekarar 2018 filin Los Angeles ya gwada wata dabara: an sa fitila a saman kowace ƙofa. Idan ta nuna kore, ba kowa. Idan ta nuna ja, da mutum a ciki. Tun daga bakin shiga matafiyi yake ganin inda zai nufa.

A filin Changi kuwa, akwai ɗan allo a banɗaki wanda fasinja yake taɓawa ya faɗi yadda ya sami wurin. Idan ya nuna cewa ƙasa ta jiƙe ko takarda ta ƙare, saƙon zai isa ga mai kula da tsafta nan take. Da can, ma'aikaci kan zagaya ne bisa agogo, har ya cire takardar da ba ta ƙare ba don gudun kada ta ƙare kafin ya dawo. Ragowar nan duk shara ce. Yanzu buƙata ce take kiransa, ba agogo ba.

Labarin ƙuda

Ba kowace dabara ce mai tsada ba. A filin Schiphol na birnin Amsterdam, a ƙasar Holan, an zana hoton ɗan ƙuda a cikin kowane kwamin fitsari na maza, kusa da magudana. Sai aka lura cewa mutane suna auna ƙudan ba tare da kowa ya umarce su ba. Fantsama ta ragu, aikin goge ƙasa ya yi sauƙi. Wannan ya nuna cewa wani lokaci fahimtar halin ɗan Adam ta fi dogon gargaɗi a bango tasiri.

Abin da ya shafe ku

Na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Idan famfo mai na'ura ya lalace ba a gyara ba, buta da bokiti sun fi shi amfani. Saboda haka tushen abin shi ne kulawa, da girmama masu aikin tsafta, da tunanin wanda zai shigo bayanka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga Nuwamba a matsayin Ranar Banɗaki ta Duniya. Kafin ranar ta zagayo, ku duba banɗakin makarantarku. Famfo nawa ne suke ɗiga? Wa kuka gaya wa?

Ma'anar kalmomi

Almubazzaranci: kashe abu fiye da buƙata.
Cunkoso: taruwar mutane da yawa a ƙaramin wuri.
Tattali: kula da abu don kada ya ƙare da wuri.
Magudana: hanyar da ruwa yake bi ya fita.
Fantsama: watsuwar ruwa ko'ina.

Tambayoyi

1. Waɗanne matsaloli uku ne suke tasowa idan babban jirgi ya sauka?
2. Faɗi amfani biyu na famfo mai na'ura.
3. Da wane ruwa filin Hong Kong yake kora masai?
4. Me ya sa zagayen ma'aikaci bisa agogo yake jawo shara?
5. Yi bayanin karin maganar da ta zo a cikin darasin.

Aikin gida

Rubuta wa shugaban makarantarku wasiƙa mai jimloli goma, ka ba da shawarwari uku na gyara banɗakin ɗalibai ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.