Yadda Ake Kula da Mai Ciki da Jariri a Rugagen Fulani na Abuja

A Kuje, Kwali, Abaji, Gwagwalada da Bwari akwai rugagen da mata ke haihuwa a bukka, alhali asibiti bai fi tafiyar babur ba. Tsoron a kunyata su na cikin abin da ke tsayar da su. Ke ma'aikaciyar lafiya, ga hanyar da za ki bi.

Da farko ki gaida Arɗo, sannan ki nemi uwar miji da ungozomar rugar. Mai ciki ba ta fita sai da yardar maigida, shi kuwa maganar mahaifiyarsa yake ji. Idan ba kya jin Fulatanci, mace za ki nema ta yi miki tafinta.

Na biyu, ki fahimci kunya, domin a nan aka fi yin ɓarna. Mai cikin fari ba za ta buɗe baki ta ce tana da ciki ba, balle a gaban surukai. Ki keɓe ta, ki ja labule, ki tambaye ta a hankali: "Yaushe rabonki da fashin salla?" Haka ma a naƙuda, an tarbiyyantar da ita kada ta yi raki, tana iya galabaita ba ta ce uffan ba. Kada shirunta ya ruɗe ki. Ki auna hawan jini, ki saurari bugun zuciyar ɗan, ki duba ko tana zubar da jini. Ki kuma tambayi inda za ta haihu, don mai cikin fari takan koma gidan iyayenta, wasu kuma rani na tashinsu da shanu. Ki ba ta katin awonta ta tafi da shi.

Na uku, awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki sau 8. Ki daidaita ranar awonta da ranar kasuwar da take kawo nono. A ba ta maganin ƙarin jini, gidan sauro, allurar sarƙewar haƙora, da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na 4.

Ranar haihuwa, duk al'adar da ba ta cutarwa a bar musu ita. Tana son durƙuso, ta durƙusa. A bar ungozomarta kusa da ita, a miƙa wa dangi mabiyiya su binne, a yi wa jariri kiran salla a kunne.

Akwai kuma inda za ki tsaya kai da fata, amma da tattausan harshe. Dakashi ba ƙazanta ba ne, makiyayi ma ya san ɗan maraƙin da bai sha shi ba ba ya ƙwari. A sa jariri a nono cikin awar farko. Cibiya a shafa mata chlorhexidine kaɗai, ban da toka ko kashin shanu. A jinkirta wanka awa 24. A yi allurar BCG da ta ciwon hanta, a ɗiga maganin shan inna kafin su koma ruga. Wanzami ya yi askin suna da sabuwar reza, amma kada ya cire beli.

Wankan jego gyara yake so. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da tsananin zafi da ciwon zuciyar masu jego. Ki ce a sirka ruwan, a yi kunun ba kanwa.

Kafin ki bar rugar, ki sanar da maigida alamomin haɗari: zubar jini, jijjiga, kumburin fuska, naƙudar da ta wuce awa 12, ko jaririn da ya ƙi nono ko idonsa ya yi shawara. A tanadi mota da kuɗinta tun ciki na wata 7, domin idan abu ya ta'azzara sai babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Ki bar musu lambar wayarki, kuma idan sun kira da tsakar dare, don Allah ki ɗauka.