Koyon girki: tuwon hatsi da miyar kuka

Babu wanda aka haifa da iya girki. Koyo ake yi. Yarinya tana farawa gun uwarta tun tana tura icce cikin murhu. Amma ba ƴan mata kaɗai ke da bukatar wannan sani ba. Wata rana uwar gida tana iya kwanciya ciwo, ko ta haihu, ko ta tafi asibiti jinyar yaro. Samari masu zuwa cin rani Yamai ko Kano su ma kansu suke girka wa. Gidan da mutum guda kaɗai ya iya tuwo, ran da ya kwanta, yara da yunwa za su kwana.

Mai koyo ya fara da ƙaramar tukunya. Hatsi ba abin wasa ba ne, balle tsakiyar damana, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. In ƙaramar tukunya ta ɓaci, hasarar kaɗan ce. In babba ta ɓaci, abincin gida duka ya tafi.

Kafin a taɓa komi, a wanke hannu da sabulu. A wanke tukunya, da muciya, da mara. A aje gari da ruwa da icce kusa, don tuwo ba ya jiran mai neman kaya.

Aikin tuwo hawa biyu ne: talge da tuƙi.

A ɗora ruwa ya tafasa sosai. A ɗebi tsaki ko gari kaɗan, a dama shi da ruwan sanyi cikin ƙwarya. A zuba cikin tafasasshen ruwan ana motsawa da muciya. Nan ne masu koyo suka fi yin kuskure. Suna zuba busasshen gari kai tsaye cikin ruwan zafi. Sai bayan garin ya dahu, cikinsa ya zauna ɗanye. Shi ne gudaji. Tuwo mai gudaji, ko an tuƙa shi har hannu ya gaji, ba ya gyaruwa sosai.

Daga nan a rufe tukunya, a bar talge ya nuna. Kada a yi gaggawa. Talgen da ya nuna yana kauri, kuma warin ɗanyen gari ya fita daga gare shi. Mata da yawa suna sa kanwa. A sa ƴar kaɗan. In ta yi yawa, tana ɓata launin tuwo da ɗanɗanonsa, tana kuma kashe wani sashe na amfanin hatsi.

Ga dabarar tsofaffi: a ɗebi talge kaɗan a aje gefe cikin ƙwarya. Sannan a riƙa barbaɗa gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa. In tuwo ya yi tauri, a maida wancan talge ya sassauta shi. In ya yi ruwa, a ƙara gari. Da ya haɗe, a janye icce, a rufe, a bar shi ya sulala bisa garwashi. A sake tuƙawa sau ɗaya, a jiƙa mara da ruwa, a kwashe.

Lokacin tuƙi a kori yara ƙanana daga bakin murhu. Talge yana tsalle, kuma ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi muni, don yana liƙewa ga fata.

Miya ta fi tuwo sauƙi, amma ita ce ke gina jiki. Tuwo yana ba da ƙarfin aiki. Shi kaɗai ba ya isar yaro mai girma. A ɗora ruwa, a sa daudawa, da albasa, da tonka. Nama ba kullum ake samu ba. In babu shi, a daka wake a zuba, ko busasshen kifi, ko garin ƙuli-ƙuli. Wake yana son wuta, a bar shi ya dahu lugub. Gujiyar da ta yi hunhuna, a zubar da ita, tana da dafi mai taɓa hanta. Gishiri kuwa, a nemi mai iyod, shi ke tsare mutum daga maƙoƙo. A sa kaɗan, a ɗanɗana, don ana iya ƙara gishiri amma ba a iya cire shi.

Kuka ita ce ta ƙarshe. A rage wuta. Hannu ɗaya yana barbaɗawa, ɗayan yana kaɗawa da maburgi. In an zuba ta gaba ɗaya, ita ma gudaji take yi.

In akwai ƙaramin yaro a gida, a ɗebar masa miya kafin a cika yaji, a zuba masa kwanonsa dabam. Cikin kwanon manya, hannunsa bai da saurin nasu. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Tuwon da ya kwana, a ɗumama shi har ya yi zafi ciki da waje kafin a ci.

Aikin lissafi ga ɗaliban yaƙi da jahilci: tiya guda ta hatsi ta kusa kilo 2 da rabi. Wani gida yana cin tiya 2 kowace rana. Tiya nawa zai ci cikin kwana 30? Kilo nawa ke nan?