Ina Ake Koyon Sinanci a Najeriya?

Mai sauraronmu daga Kangire, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, yana tambaya ko ɗansa zai iya koyon harshen Sinanci ba tare da ya bar ƙasar nan ba.

Malam, zai iya. Akwai Cibiyar Confucius a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, akwai kuma wata a Jami'ar Legas, duk suna koyar da Mandarin, wato Sinanci. Nisa dai akwai shi, ba a musu. A can ake rubuta jarrabawar HSK, wadda jami'o'in Sin kan nema kafin su ba ɗalibi gurbi ko tallafin karatu.

Amfaninsa? Tambayi 'yan Kantin Kwari masu saro kaya a Guangzhou nawa tafinta ke ci musu. Su kuwa Sinawa, tun 1963 rediyonsu ke watsa shirye-shirye da Hausa.