Kafin Ki Sa Jan Farcen Jel, Ki San Yadda Ake Cire Shi

Darasinmu na wannan fitowa a kan farce ne, da wani irin fenti da ake shafa masa a shagunan kwalliya, wanda ake kira jel.

A nan Kura da Bunkure, tun da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya fara biyo kanal zuwa gonakinmu, lokacin biki yakan bi lokacin kuɗi. Da an yanke shinkafa, ko tumatir ya yi kasuwa, sai ki ji ɗaurin aure ko'ina. Kano kuwa tafiyar kimanin kilomita 30 ce. Sai a kwashi amarya da ƙawayenta a kai su salun a birni, a yi kitso da lalle, a ƙarasa da farce, su dawo Karfi ko Kadawa yatsu na sheƙi. Ba kowa ke gaya musu cewa wannan fenti ba irin wanda suka sani ba ne, kuma shagon da ya iya cire shi yana can inda suka baro.

Jan farcen da muka saba da shi iska ce take busar da shi, auduga da ɗan ruwan gogewa sun ishe shi. Jel ba haka yake ba. Hawa-hawa ake shafa shi: na ƙasa marar launi, na tsakiya mai launi, sai na sama mai ƙyalli. Bayan kowane hawa sai an cusa hannu cikin wata 'yar fitila mai hasken UV ko LED, daga daƙiƙa 30 zuwa minti 2. Hasken ne yake sa sinadarin ya ɗaure, ya zama roba mai tauri manne da farce. Ya bazu a duniya ne daga 2010, shekarar da kamfanin CND na Amurka ya fito da nasa mai suna Shellac, kuma abin da ake tallar sa da shi shi ne yana kai mako 2 zuwa 3 bai ɓare ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Kin sani tun daga Ahalari da Iziyya cewa alwala da wanka ba sa inganta sai ruwa ya taɓa gaɓar da ake wankewa, babu wani shamaki a tsakani. A mazhabarmu ta Malikiyya har cuɗawa farilla ce, haka tsettsefe yatsun hannu. Lalle rini ne, yana shiga jiki ya bar launi, ruwa na bi ta kansa, shi ya sa ba a taɓa hana mu shi ba. Jel kuwa jiki gare shi, rufi ne kamar kakin zuma. Imamu Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri gwargwadon farce a ƙafarsa ruwa bai taɓa ba, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ya gyara alwalarsa. Wannan fa wuri ɗaya ke nan. Ke kuma goma gare ki, ko ashirin idan an haɗa da ƙafa.

Da yawa za ki ji sun ce, "Ai ina fashin salla na sa." Gaskiya ne, babu laifi. Amma ki yi lissafi: al'adarki kwana 5 ce ko 7, jel kuma an yi shi don ya kwana 14 ko 21. Ranar da kika ga tsarki yana nan daram. Ita amarya ma lissafinta ya fi haka gajarta. Wadda ta yi alwala sannan aka shafa mata, alwalarta na nan har ta warware, daga nan sai an cire. Ba a shafa a kansa kamar yadda ake shafa a kan huffi. Wadda ta yi wanka da salloli da shi a hannu, ta cire shi, ta sake wankan, ta rama sallolin.

Yanzu bari mu shiga shagon. Hanyar da ta fi yawa, kuma ita na fi yarda da ita, ita ce naɗewa. Mai gyaran za ta fara goge hawan sama da magogin farce har ƙyallin ya dushe. Wannan matakin ba a tsallake shi, domin hawan sama ne yake hana ruwan cirewa ratsawa. Sai ta shafa basilin a fatar da ke kewaye da farcen. Ta jiƙa 'yar auduga da asiton, wani ruwa mai ƙarfin wari mai saurin tashi, ta ɗora a kan farcen, ta naɗe yatsan da takardar foyil irin ta naɗe gasasshen kifi. Wasu leda suke sawa, kuma ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta fi son ledar saboda ta fi matsewa. Amfanin naɗin shi ne kada asiton ya gudu cikin iska kafin ya yi aikinsa. A zauna minti 10 zuwa 15. Idan aka kwance za ki ga fentin ya yamutse ya ɗaɗɗago, sai a ture shi a hankali da ɗan tsinken katako. Wanda ya ƙi fita, a sake naɗe shi minti 5. Kada ki yarda a kankare da ƙarfe don wata na jiran layi. Kuɗinki kika biya, ki ce, "Don Allah 'yar uwa, a sake jiƙa shi."

Akwai masu zuba asiton a kwano su ce ki tsoma yatsu. Yana cirewa, sai dai yana busar da fata ƙwarai, balle da hunturu da hannu ya riga ya tsattsage. Mai kaushi ko yankan wuƙa za ta ji raɗaɗi.

Ta uku ita ce ɗan injin gogewa mai juyawa da lantarki. Ya fi sauri. Kuma akwai jel mai tauri, wanda ake ƙara tsawon farce da shi, asiton ba ya narkar da shi, dole sai an goge. Amma kaurin farcenki bai wuce kusan rabin milimita ba. Hannun da bai ƙware ba zai cinye fenti ya shiga farce. Idan kika ji zafi, ko kika ga ja-ja a ƙasa, ki janye hannunki nan take. Ki kuma duba ko an tsabtace kayan bayan wadda ta riga ki, don ciwon hanta nau'in B yana bin ɗan jinin da ido ma ba ya gani.

Ga inda nake son ki fi natsuwa. Launi ya tafi ba ya nufin jel ya tafi. Hawan ƙasa ba shi da launi, shi ne kuma ya fi kama farce. Wasu masu gyaran da gangan suke barin sa siriri idan sun yi amfani da inji, don kada su taɓa farcen, kuma don su shafa sabo a kai. A wajen sana'arsu wannan ƙwarewa ce, a wajen alwalarki lam'a ce. Don haka ki faɗa mata tun farko cewa salla za ki yi, a cire duka. Idan an gama ki wanke hannu da sabulu, ki fita haske ki duba. Farcen da ya fita tas yakan yi ɗan fari-fari, dusu-dusu. Inda kika ga yana ƙyalli kamar gilashi, ko kika ji tudu idan kin bi da bakin wani farcen, akwai saura. Ya fi maƙalewa a gefe biyu da gindin farce.

Idan tsarki ya same ki a Kura, shago na Kano, ba sai kin bar salla ta wuce kina jiran mota ba. Hanyar naɗewa ana yin ta a gida, muddin kina da magogi da asiton tsantsa. Ruwan gogewa na yau da kullum, musamman wanda aka rubuta ba asiton a ciki, ɓata lokaci ne. Shi ya sa nake cewa ki saye shi ranar da aka shafa miki, ki taho da shi a jaka. Amma ki kiyaye, asiton yana kama wuta nan da nan. Kada ki buɗe shi kusa da murhu, risho ko gas, kada ki ɗumama shi a wuta, ki zauna inda iska ke shiga, ki ɗaga shi daga inda yara ke kaiwa. Fetur, kalanzir da reza ba su da wuri a wannan aiki.

Ɓarewa da haƙori ko da farce, wadda ita ce 'yan mata suka fi yi idan salla ta matso, tana tafiya da ɓawon farcen na sama. Ya bar shi siriri, yana tsagewa, kuma sau da yawa hawan ƙasan na nan a wasu wurare. Farcen hannu milimita 3 kacal yake tsiro a wata, sai ya ɗauki kusan wata 6 kafin sabo ya maye gurbin wanda aka lalata. Barin sa har ya fita don kansa ma ba dabara ba ce, musamman ga matan da hannunsu ba ya rabuwa da ruwan zafi wajen turara shinkafa da wanke-wanke. Gefen jel yakan ɗaga, ruwa ya kwanta a ƙasa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama har farcen ya yi kore. Idan kika ga koren nan, ko kumburi da ƙaiƙayi a kan yatsu, kada a sake shafa komai a kai, ki je asibiti. Likitocin fata na Birtaniya sun yi gargaɗi a 2018 cewa sinadaran jel suna jawo wa wasu borin fata da ba ya barin mutum.

Bayan an cire, kin yi wanka ko alwalarki, sai ki bi farce da fatar gefensa da man kaɗanya ko man zaitun, safe da dare, na tsawon mako guda. Ki yanke shi gajere har inda ya yi laushi ya fice.